Kwamfutar da ka saya da kuɗinka, wa ke da ikon cewa ta mutu?

Mai Sukundireba:
Salamu alaikum jama'ar gida. Akwai maganar da ta daɗe tana cina, yau dai nace bari in sauke ta anan kowa ya tofa albarkacin bakinsa.

Jiya da yamma wani maƙwabcina ya kawo min laftof ɗinsa, wai in duba ko akwai abin cirewa a ciki kafin ya yar, don ta gama yayi. Na kunna ta sai da ta kai wajen minti uku kafin ta buɗe, fankar kuwa kamar zata tashi sama. Na kwance notika takwas na ɗaga murfin baya, wallahi ƙurar da ta dunƙule a bakin fankar sai kace auduga, na sa tsinke na zaro ta guda. Man da ake shafa wa furosesa ya bushe ya zama kamar alli. Na goge na shafa sabo, na cire tsohon faifan nan mai juyawa na sa SSD, wato faifan ajiya mai sauri da ba ya juyawa, na ƙara RAM, ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita. Yanzu kafin ka gyara zama ta buɗe. Mutumin nan tsayawa yayi yana kallona, yace ashe da ranta.

To abin da ke damuna kenan. Tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina turo wa Windows 10 gyaran tsaro yadda ta saba. Wannan kam ba sabon abu bane, Windows XP an sallame ta a Afrilun 2014, Windows 7 a Janairun 2020. Amma a da in an sallami tsohuwa sai ka ɗora sabuwa a kan na'urarka ka ci gaba da harkarka. Yanzu Windows 11 tana neman wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, sannan furosesa in ta Intel ce galibi sai zubi na 8 zuwa sama, in ta AMD ce sai Ryzen 2000 zuwa sama. Kaga kenan kwamfutar 2016, i7 garau, babu abin da ya same ta, an ce ba ta cancanta ba. Ba ƙarfe ne ya gaji ba, wasu ne suka zauna a ofis suka ja layi.

Tambayata, abin da ka saya da guminka, kai ke da ikon cewa ya mutu ko kamfani?

Malama Mai Alli:
Wa alaikumus salam. Malam ka taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. Ni firinta ce ta koya min wannan karatun. Ina buga wa ɗalibai takardun gwaji da ita, shekara biyu ina sa tawadar da ba ta kamfanin ba lafiya lau, rannan da daddare ta sabunta kanta ta intanet, da safe na zo bugawa sai ta rubuto min wai ba ta gane kwalbar tawadar ba. Kwalbar da jiya-jiya tayi aiki fa, a cike take ina jin nauyinta a hannuna. Ga yara sittin suna jirana ƙarfe takwas. Ranar da alli na rubuta tambayoyin a allo, zuciyata na tafasa. Tun daga nan na cire ta daga intanet gaba ɗaya, kebul nake jona mata.

Mai Gadin Saba:
Oga Mai Sukundireba ina girmama ka amma anan zan ɗan ja da kai. Aikina kenan tsaron na'urori, kuma abin da nake gani kullum ba zai barni in yi shiru ba. Mutane suna ɗauka sabuntawa kwalliya ce, a canza launi a matsar da maɓalli, alhali mafi yawanta toshe ramuka ne. Ku tuna muguwar manhajar nan WannaCry, 12 ga Mayu 2017, cikin 'yan kwanaki ta shiga ƙasashe sama da 150, asibitocin gwamnati a Ingila sai da suka soke ganin dubban marasa lafiya sbd kwamfutocinsu sun kulle ana neman kuɗin fansa. Kuma abin takaicin gyaran ramin ya fito tun watan Maris, wata biyu kafin abin ya faru, mutane ne ba su saka ba.

TPM ɗin nan da ake ta zagi wani ɗan guntu ne da ke riƙe makullan sirri a wajen da manhaja ba ta isa ta taɓa ba, shi ke sa in an kulle faifanka da makullin sirri sannan aka sace laftof ɗinka ɓarawo ba zai zare faifan ya jona a wata na'ura ya karanta komai ba. Abu ne mai amfani. Kuma a yi adalci, Windows 10 ta fito a Yulin 2015, shekara goma ana yi mata hidima. Wane kamfani ne zai riƙa biyan injiniyoyi har abada kan abin da ya sayar tuntuni?

Mai Sukundireba:
Ɗan uwa ban musa ko ɗaya ba, kuma kar wani ya karanta maganata ya ce nace a zauna kan Windows ɗin da ba a toshe wa rami, riga-kafi ya fi magani. Amma duba WannaCry ɗin da ka kawo da kyau. Makamin da aka yi amfani da shi, EternalBlue, daga ina ya fito? Hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA ce ta ƙera shi, ta san da ramin ta riƙe don amfanin kanta, sai da wasu suka sace kayan suka watsa a intanet a Afrilun 2017. Gwamnati ta ɓoye rami, ɓarayi suka samu, marasa lafiya suka kwana a ciki. Sannan da wuta ta kama, Microsoft ta fitar wa XP gyara duk da an yi shekara uku da sallamarta. Kaga ashe ana iyawa in an so.

Ni ba TPM nake faɗa da shi ba. A ce ga shi yana da kyau, duk sabuwar kwamfuta ta zo da shi, madalla. Amma wanda tasa ba ta da shi a barshi ya ɗora ya ɗauki kasadarsa da saninsa, ba a tura shi kasuwa dole ba. Don mai ƙaramin ƙarfi ba sabuwa zai saya ba, zama zai yi kan tsohuwar babu gyaran tsaro, kaga tsaron da ake nema shi aka rasa.

Ɗan Linux:
Nifa na rasa me ake ta wahala akai. Ku ɗora Linux, babbar manhajar nan ta kyauta da ke maye gurbin Windows, ku huta mana!! Shekarata tara rabona da Windows. Linux Mint ko Ubuntu, ka sauke ka sa a filash, minti ashirin ka gama, ba lasisi ba komai. Tun 1991 Linus Torvalds ya fara ta yana ɗalibi a Helsinki, yau wayar Android ɗin da ke hannunka a kanta take tsaye, manyan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya tun 2017 dukkansu ita suke gudu. Laftof ɗina ta 2013 ce kuma har gobe ina samun gyaran tsaro duk sati.

Gwanin Zane:
Ɗan Linux kullum maganarka ɗaya. Ni da manhajojin zane na kamfanin Adobe, Photoshop da Illustrator, nake ciyar da iyalina, wanne ne a ciki yake gudu a Linux yadda ya kamata? Kar ka ce min GIMP, manhajar gyaran hoto ta kyauta, dan Allah, na gwada, mai aiki ya turo min fayil na buɗe rubutun ya tarwatse launi ya canza, na kwana ina gyara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda aikinsa bai wuce shiga intanet da rubuta wasiƙa ba ya koma, ban hana ba, amma a daina yi mana kamar mu ragwaye ne.

Ɗan Linux:
Afuwan Yaya, ba raini bane. Naka uzurin karɓaɓɓe ne, Adobe ba ta yi wa Linux manhajojin nan ba, gaskia ce. Amma mutum nawa ne irinka a cikin goma? Yawancin mutane burauza ce rayuwarsu.

Baba Dattijo:
Yara ku yi a hankali. Ni na fara taɓa kwamfuta tun zamanin da ake sa faifan nan mai kusurwa huɗu, wanda ko hoto ɗaya na wayar yanzu ba zai ɗauka ba. Abin da zan ce shi ne a lokacin in ka sayi manhaja an baka ita a kwali, da littafinta, taka ce har ka gaji. Yanzu komai haya ne, wata ya ƙare baka biya ba a rufe maka ƙofa, aikin da ka yi da hannunka yana ciki kana kallo. Ban ce da ta fi yanzu a komai ba, na sha asarar aiki sbd faifai ya lalace, yanzu kuwa ko wayarka ta faɗa ruwa hotunanka suna nan. Amma a da na san abin da na mallaka. Yanzu jikana ya tambaye ni waƙoƙin da ke wayarsa nasa ne, na rasa amsar da zan bashi.

Ba Ruwana:
Toh ni dai abin da ban gane ba, naga an fara sako gwamnati da hukumar leƙen asiri, me ya haɗa kwamfuta da siyasa? Kamfani yayi kayansa ya sa sharaɗinsa, in baka so kar ka saya, shikenan. A bar siyasa wa 'yan siyasa mana, nan gidan na'ura ne.

Mai Sukundireba:
Ƙanina ai nan gizo ke saƙar, zauna kaji. Ɗaga wayarka ka duba ramin cajar. In sabuwa ce galibi USB-C zaka gani, ko ta wane kamfani ce. Kana zaton kamfanonin ne suka wayi gari suka ji tausayinmu? Tarayyar Turai ce ta yi doka a 2022 cewa daga 28 ga Disamba 2024 duk wayar da za a sayar a ƙasashenta sai da wannan ramin. Apple ta yi ta ƙorafi wai za a daƙile ƙirƙira, amma da iPhone 15 ta fito a Satumbar 2023 da USB-C ta zo, kuma ba Turai kaɗai ba, duniya duka, don ba zasu tsaya ƙera waya kala biyu ba. Wasu 'yan majalisa da baka taɓa jin sunansu ba sun kaɗa ƙuri'a, kai kuma yau kana aron cajar abokinka tana shiga wayarka. In wannan ba siyasa bace to mece ce?

Ga wani. A Disambar 2017 Apple ta amsa cewa tana rage wa tsofaffin iPhone gudu in batirinsu ya raunana. Tace don kar wayar ta riƙa mutuwa ba zato ne, kuma ni a matsayina na mai taɓa na'ura na yarda hujjar tana da ma'ana, tsohon batir ba ya iya ba da wuta da ƙarfi lokaci guda. Laifin shi ne ba a faɗa wa mutane ba. Mutum yaga wayarsa tana ja sai ya ɗauka ta tsufa ya sayi sabuwa, alhali batir kawai zai canza. Faransa ta ci su tarar yuro miliyan 25 a 2020 kan rashin sanarwar. Ita dai Faransar a Janairun 2021 ta tilasta a riƙa liƙa wa waya da laftof da injin wanki maki daga cikin goma na sauƙin gyara, kana tsaye a shago kaga wacce za a iya buɗewa da wacce aka liƙe da gam.

Kai har manoma abin bai bari ba. A Amurka an daɗe ana rigima da kamfanin tarakta na John Deere, tarakta ta tsaya a gona lokacin girbi, manomi ya san abin da ya lalace ya iya canzawa, amma manhajar ciki ba zata yarda ta tashi ba sai wakilin kamfani ya zo ya jona kwamfutarsa. Har hukumar kula da kasuwanci ta ƙasar, FTC, ta maka su a kotu a Janairun 2025.

Maganar in baka so kar ka saya tana aiki ne in akwai wajen zuwa. Waya kusan gida biyu ne, Android da iPhone. Kwamfutar ofis mafi yawa Windows. In duk masu sayarwa sun liƙe batir da gam ina zaka je? Ko ita Windows 10 ɗin, an buɗe shirin ƙarin shekara ɗaya na gyaran tsaro zuwa 13 ga Oktoba 2026, da sharuɗɗa, amma a yankin Turai sai da aka sassauta sharuɗɗan bayan ƙungiyoyin kare masu saye sun matsa. Manhaja ɗaya, kamfani ɗaya, amma abin da za a baka ya danganta da ko akwai mai tsaya maka a inda kake.

Ba Ruwana:
Hmm maganar cajar nan ta shige ni gaskia, ban taɓa sanin doka bace. Amma fa har yanzu ina tsoron gwamnati ta saba sa hannu a na'ura, yau caja gobe kuma tace sai ta karanta saƙonninmu.

Mai Gadin Saba:
Wannan tsoron naka yana kan hanya, kar ka yar da shi. Gwamnatoci da dama sun sha neman a buɗe musu ƙofar baya a manhajojin saƙo masu kulle, wai don kama masu laifi. Mu da ke wannan aikin mun san babu ƙofar da mutanen kirki kaɗai ke bi, in an huda an huda, EternalBlue ɗin da Oga ya ambata shi ne shaida. Don haka ni dokar da zata ce a bari in buɗe na'urata ina so, wacce zata ce a bar wani ya buɗe ta a bayan idona bana so. A riƙa duba kowace doka, ikon wa take ƙarawa, mai na'urar ko wani can daban.

Malama Mai Alli:
Ni wani ɓangaren da ba a taɓo ba, ina waɗannan kwamfutocin suke zuwa in an yar? Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya yace a 2022 kaɗai duniya ta tara sharar kayan lantarki tan miliyan 62, wanda aka tattara aka sarrafa yadda ya dace bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Sauran fa? Ana ƙona wayoyin wuta don a ciri jan ƙarfe, hayaƙin mutane ke shaƙa, da yara a ciki. Kamfanin da zai rubuta maka a kwali cewa yana kishin muhalli shi ne kuma zai ce na'urarka mai lafiya ta zama shara. Abin yana min ciwo sosai.

Gwanin Zane:
Ɗan Linux tunda kana nan, in abin naku yana da sauƙi haka me ya sa birnin Munich na Jamus ya gwada Linux ya dawo Windows?

Ɗan Linux:
Yawwa na san sai an kawo Munich. Majalisar birnin ta zaɓi Linux a 2003, har shugaban Microsoft na lokacin Steve Ballmer ya taka da kansa ya je ya ga magajin garin don ya canza ra'ayi, bai canza ba. Suka yi shekaru suna aiki da ita a dubban kwamfutoci. A 2014 aka yi sabon magajin gari, a 2017 majalisa ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Akwai ƙorafin ma'aikata na gaske kan wasu manhajoji da musayar fayil da sauran ofisoshi, ban ɓoye ba, amma kaga shugabanci na canzawa shawara ta canza. Kuma zancen bai mutu ba, a 2024 jihar Schleswig-Holstein a Jamus ɗin dai ta sanar zata mayar da kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 kan Linux da LibreOffice, manhajar ofis ta kyauta mai kama da su Word, dalilinsu kuwa kar bayanan jama'arsu su dogara da kamfanin wata ƙasa.

Ɗalibar Lissafi:
Salam yayyena, ina ta karantawa tun ɗazu. Dan Allah ni a taimaka min da abin yi. Laftof ɗina i5 ce zubi na 6, RAM 8, da ita nake rubuta aikin kammala karatuna, kuma bani da halin sabuwa yanzu. Word nake amfani da shi da burauza sai ɗan Python, yaren rubuta manhaja. Wani yace akwai dabarar da ake tsallake sharaɗin TPM a ɗora Windows 11, in yi?

Mai Gadin Saba:
Ƙanwata dabarar tana nan kuma tana aiki, amma Microsoft da kanta tace irin wannan na'urar ba ta da tabbacin samun sabuntawa, ana iya wayar gari wata ta ƙi shiga. Da aikin kammala karatu a kai ni ban baki shawara ba. Kafin komai ma, yau ɗin nan, ki kwafi aikinki a filash ki kuma tura wa kanki ta imel, waje biyu.

Mai Sukundireba:
Abin da ya faɗa shi ne farko, kwafi tukuna. Sannan ki shiga shirin ƙarin shekarar nan ta cikin saitin sabuntawa, ki gama rubutunki hankali kwance, ba a canza doki a tsakiyar rafi. A gefe guda ki samu filash mai gig 8 ki sa Linux Mint, ki tashi kwamfutar daga filash ɗin ba tare da kin girka ba, ba zata taɓa fayilolinki ba. Ki gwada wayfai, sauti, kyamara, ki buɗe kwafin aikinki a LibreOffice kiga ko teburori da lissafin sun zauna daidai. Python kam a can ya fi sakewa. In komai yayi, ranar da kika miƙa aikin sai ki girka. In faifanki mai juyawa ne ki sa SSD, shi ne zai baki mamaki.

Baba Dattijo:
Allah ya yi muku albarka, haka ake so. 'Yata ki bi a sannu, kar ki yi da daddare kina gyangyaɗi.

Ɗalibar Lissafi:
Na dawo. Na kwafi aikin waje biyu kamar yadda kuka ce, na gwada filash ɗin da safen nan. Da farko ta ƙi tashi daga filash sai da na danna F12 tana kunnuwa na zaɓa da kaina. Wayfai yayi, sauti yayi, kyamara ma tayi, fankar da ke damuna da ƙara ko motsinta bana ji. Aikina ya buɗe, rubutun lafiya, amma lissafin da ke babi na uku guda huɗu sun goce sun hau kan layin ƙasa, sai lambobin shafi da suka koma daga 1. Zan gama a Word ɗin kamar yadda Yaya Mai Sukundireba yace. Amma ina son in san yadda ake gyara lissafin nan tun yanzu, akwai wanda ya taɓa cin karo da shi?

Ɗan Linux:
Na sha shi a nawa aikin. Turo hoton shafin mu gani ƙanwata, ki faɗa min kuma da wane irin fayil kika ajiye shi, docx ne ko tsohon doc.